Iya Mai Tsintsiya da Mutum-mutumin da Ba Na Kowa Ba

Kafin ƙararrawa ta yi kukan farko, kafin maigadi ya gama miƙa da hamma, akwai sautin da makarantarmu take fara ji kowace safiya. Shar, shar, shar. Daga bayan ɗakin karatu yake tasowa, ya bi gindin manyan bishiyoyi, ya zagaya bayan azuzuwa. Wanda ya yi sammako ya leƙa zai hango wata doguwar inuwa siririya, a duƙe, tana tafiya da baya. Da baya fa. Duk inda ta wuce sai ƙasa ta kwanta sumul, babu sawu ko ɗaya, kamar ba ɗan Adam ne ya bi wurin ba. An sha yi da sababbin ɗalibai, yaro ya yar da jaka ya zura da gudu yana ihu ya ga fatalwa.

Ba fatalwa ba ce. Iya ce, Iya Mai Tsintsiya, wadda take share wannan makaranta tun iyayen wasu ɗalibanmu suna zama a kan waɗannan bencina, wadda kuma za ta jingine tsintsiyarta a ƙarshen wannan zangon. Littattafai sun cika da jarumai masu takobi da sulke. Tamu jarumar tsintsiya gare ta da tsohon kwando, kuma lokaci ya yi da za a faɗi abin da ta yi.

Ba daga gida take zarcewa makaranta ba. Sai ta tsaya a ƙarƙashin gadar da ke kusa da tasha, ta ajiye 'yar kular abinci a gaban wani mutum mai cukurkuɗaɗɗen gashi, wanda yake wuni yana kallon tafin hannuwansa. Ba ya ce mata sannu. Ita kuwa kullum sai ta ce, "Ka tashi lafiya, Babana?" Ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. A makarantar nan ya yi karatu, shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallo. Wata rana aka sami kwalbar maganin tari a jakarsa, aka kore shi kamar yadda doka ta ce. Abin da kwalba ta rage, titi ya ƙarasa.

Tun daga nan Iya ta ɗauki ɗabi'u biyu da ba a rubuta su cikin aikinta ba. Ta farko, ba a cinna wa tarin ganye wuta sai ta tsuguna ta bi shi da yatsunta, damƙi bayan damƙi. Ta biyu, duk wani lungu da ido ba ya kaiwa, sai ta share yashinsa da baya ta bar shi fes, don gobe ƙasa ta gaya mata wanda ya zo. Nas ɗin makaranta ta ce ta daina ƙirga sau nawa Iya ta shigo mata da murfin kwalba ko fankon katin ƙwaya a tafin hannu, ta ajiye a tebur ta ce, "Malama, bayan ajin ƙarshe. A sa ido." Ba ta taɓa kama sunan yaro ba.

Kaka ita ce lokacin da aikinta ya fi nauyi. Bishiyoyi suna tuɓe rigunansu, ganye ja da rawaya yana zuba ba ƙaƙƙautawa, ka share nan ka waiga ka ga kamar ba ka yi ba, kuma babu abin da ganye ba ya rufewa. A kakar ce kuma makaranta take yin makonta: a cire masara da kabewa a lambu, a yi tseren gudu, a rufe da ranar faɗakarwa kan shaye-shaye. Kafin makon ya zo, kowane aji yana haɗa mutum-mutuminsa ya kafa a lambu don korar tsuntsaye, a zaɓi wanda ya fi kyau. Yara suke kawo tsumma da busasshiyar ciyawa, Iya ce take ɗinke musu. Saboda haka ta san kowanne kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta: wancan mai kai kamar tulu na 'yan aji ɗaya ne, wancan mai ɗankwali ja na 'yan mata ne.

Bana sai ga wani a can ƙarshen lambu, jikin katangar baya, tsakiyar busassun karan masara, wanda allurarta ba ta taɓa shi ba. Dogo ne, sanye da baƙar kwat har ƙasa, da malafa ta rufe masa rabin fuska. Fuskar buhu ce, an zana mata ido biyu da gawayi, ba a yi mata baki ba. Iya ta tambayi wannan aji, suka ce na wancan ne. Ta tambayi wancan, suka ce ai sun zaci na malamai ne. Hankaki suna sauka a kafaɗun sauran, har su yi musu kashi a ka, amma wannan ko kusa da shi ba sa zuwa.

Maigadi ne ya fara faɗin abin da kowa yake gani yana haɗiyewa. Ya tare ta wata safiya, usur ɗinsa na lilo a ƙirji.

"Iya, wancan naki na bakin katanga. Jiya katanga yake kallo. Yau ga shi ya juyo yana kallon azuzuwa."

"Ba nawa ba ne."

"To na wane ne?"

"Kai da kake da kulki da usur, je ka tambaye shi mana."

"Ni? Gadin mutane aka ɗauke ni, ba a ce har da mutanen ɓoye ba. Ina da iyali, tsohuwa."

"Sarkin yaƙi ke nan," in ji Iya. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓenta ba.

Cikin yara kuwa magana ta riga ta yi fiffike. Wani ya ce ya ji shi yana tari. Wata ta ce ta ga kwat ɗin tana motsi alhali ko ganye ba ya kaɗawa. Ƙananan suka daina bin hanyar lambu, ko ƙwallo ce ta faɗa can sai a bar ta. Wannan shi ya fi damun Iya. Ta san ba a banza wuri yake yin shiru ba, kuma wanda yake son a guji wuri, akwai abin da ya ajiye.

Da aka tashi ran nan, ta bi kewayen mutum-mutumin da tsintsiya, da baya, ba ta ɗaga kai ta kalli fuskarsa ba. Tana jin idanun gawayin nan a ƙeyarta har ta fita daga cikin karan. Washegari ƙasa ta yi magana. Ga sawun babban takalmi ya diro daga katanga, ya zo gindin sandar, ya koma. Ta sake sharewa. Bayan hutun tsakar rana ta dawo, sai ga wani sawun, ƙarami, daga wajen azuzuwa. Ba shi da diddige. Mai shi a kan yatsu yake tafiya, taku mai nisa, mara nauyi.

Iya ta gane sawun. Duk makarantar nan mutum ɗaya ke taka ƙasa haka. Barewa, yarinyar ajin ƙarshe da ba a taɓa ganin ƙeyar wani a gabanta ba a filin tsere, wadda take ɗaukar wa Iya kwando tana tsokanarta, "Iya, yaushe za mu yi tsere ni da ke, amma da baya?" Sai yanzu Iya ta tuna kwana biyu yarinyar ba ta tsokane ta ba, idanunta sun yi nauyi, leɓenta ya bushe.

Ta miƙa hannu ta tura cikin ƙirjin baƙar kwat ɗin. Ciyawa, ciyawa, sai wani abu mai sanyi. Ƙwal. Kwalabe ne, da ƙullin leda cike da katin ƙwayoyi. Nan take ta gane karatun. In fuskar tana kallon azuzuwa, kaya sun iso. In ta koma kallon katanga, an kwashe.

Iya ta zauna a ɗakin tsintsiya. Dokar da ta kori ɗanta tana nan ba ta mutu ba. In ta kai magana ofis yanzu, gobe Barewa tana waje, kuma Iya ta san hanyar da take farawa daga ƙofar makaranta ta ƙare a ƙarƙashin gada. In ta yi shiru, kwalba za ta kai yarinyar can da kanta. In kuma ta kira ta gefe ta tambaye ta, ai ta taɓa tambayar nata ɗan. Ya kalli tsabar idonta ya rantse, ta yarda, don tana son ta yarda. Mai wannan ciwo ba ya amsawa sai an kama hannunsa a ciki. Kuma Iya tana so hannun da zai kama ya zama nata, ba na wani ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin maigadi muka ji shi, kuma har yau in yana faɗa sai ya waiga bayansa. Wata safiya da fuskar ta juyo wajen azuzuwa, Iya ta jawo shi har cikin karan masara. Ta zazzage ciyawar, ta kwashe kwalaben cikin kwandonta ta rufe da ganye, ta cire baƙar kwat ɗin ta zura a jikinta.

"Iya, me zan gani haka? Kin haukace ne?"

"Riƙe min hannun rigar, ka ɗora a kan sandar. Kada ka ɗaure da ƙarfi."

"Wallahi in kika mutu a nan ban san ki ba."

"To na ji. Sa min buhun."

Da ma Iya kamar kara take. Da ya kifa mata buhun ya ɗora malafar, ya ja da baya ya duba, ya ce shi da ya sa mata da hannunsa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Haka ta tsaya. Ƙararrawa ta kaɗa, hayaniyar yara ta shige azuzuwa, lambu ya yi tsit. Ta cikin saƙar buhun duniya ta zama 'yan ƙananan ramukan haske. Kwat ɗin tana warin taba da gumin wani baƙo. Kafaɗunta suka fara zafi, suka koma raɗaɗi, daga baya ta daina jin su. Tururuwa ta hau ƙafarta, ba ta motsa ba. Busassun kara suna ta raɗa a tsakaninsu, sauran mutum-mutumin suna tsaye nesa da hannuwa a buɗe, ita ma ta zama ɗaya daga cikinsu. A nan ne, in ji ta, ta fara sanin abin da ɗanta yake ji: kana tsaye cikin duniya, kana ganin kowa, babu mai ganin akwai mutum a ciki.

Aka kaɗa ƙararrawar hutu. Can sai ta ji kara yana karyewa a hankali. Barewa ta ɓullo tana waige-waige, ta ƙi kallon fuskar buhun, da gani ita ma tsoronsa take ji. Ta runtse ido, ta tura hannu cikin ƙirjin kwat ɗin. Maimakon sanyin kwalba, sai ta ji ɗumi. Ta ji abu yana bugawa a ƙarƙashin tafinta.

Hannun mutum-mutumin ya sauko daga kan sanda ya riƙe wuyan hannunta.

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi ihu. Ta durƙushe a cikin ganye.

"Yi shiru, Barewa. Ni ce. Cire min buhun nan, na kusa shaƙewa."

Da buhun ya fita, ta ga furfura da fuskar da ta sani, sai kukan ya ɓalle.

"Iya, don Allah, don girman Allah kada ki faɗa. Korata za a yi. Babana ba zai ɗauka ba. Gwiwata ce take ciwo, aka ce in na sha guda ɗaya zan yi gudu ban ji komai ba. Yanzu in ban sha ba jikina kamar ana sassara shi. Mai kawo kayan shi ya ce in riƙa miƙa wa wasu, sai ya bar min nawa."

"Na ji. Sauko min da ɗaya hannun tukuna, ya mutu. Sannan ki raka ni unguwa."

Maigadi ya buɗe musu ƙofa yana kallon sama kamar mai neman hadari. Suka taka har ƙarƙashin gada. Mutumin yana zaune inda yake kullum, busasshen ganye ya maƙale a gashinsa, idanunsa a buɗe amma babu kowa a bayansu.

"Gai da yayanki," in ji Iya. "Hannun nan da kike gani yana kallo, babu ƙwallon da ta taɓa wuce shi. Shi ma da guda ɗaya ya fara."

Barewa ta gaishe shi. Ya ɗago a hankali. Bai kalli fuskarta ba, rigar makarantar da ke jikinta ya ƙura wa ido. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen uwarsa, ya yi magana da muryar yaro.

"Iya, an kaɗa ƙararrawa ne? Kada in makara."

Suka kamo hanyar makaranta. Da suka iso ƙofa, Barewa ce da kanta ta nufi ofishin shugabar makaranta, tsohuwar tana biye da kwando.

Shugaba ta saurara har ƙarshe, ta dafe kai.

"Iya, ba shan kaɗai ta yi ba, ta miƙa wa 'ya'yan mutane. In na bar ta, me zan gaya wa iyayensu?"

"Ranki ya daɗe, ki kira yaran su ma, duk masu ciwo ne. Ni ban san doka ba, amma na san inda kora take kai yaro, can nake kai abinci kullum. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In dole sai an kori wani, ni na fitar da ita daga makaranta ba da izini ba, a fara da ni."

Shugaba ta tashi ta tsaya a taga, tana kallon ganye yana zuba. A faɗi gaskiya a yaba mata, domin ita ta shiga gaban kwamitin iyaye ta sha zafin bakinsu, ta tsaya a kan magana ɗaya: za a cire Barewa daga tseren bana, za a kira iyayenta da na sauran, nas za ta haɗa su da asibiti, amma babu yaron da za a tura titi. Mai babban takalmin kuwa, da ya sake dirowa ta katanga da sassafe, jami'an tsaro ya tarar cikin karan masara. Maigadi yana cewa shi ya fara cafke masa ƙafa. Jami'an sun ce daga bayan tankin ruwa suka jiyo ƙarar usur ɗinsa.

Ranar faɗakarwa ta zo, aka cika filin taro, ga kabewa da masara an jera a gaba. Likita ya yi bayani mai kyau, yara suka yi wasan kwaikwayo. Aka miƙa wa Iya abin magana, ta ture shi. Ta ɗauko kwandonta ta juye a kan tebur: murafu, kwalabe, fankon kati, duk abin da yatsunta suka tsamo daga cikin ganyen bana. Ƙarar zubarsu ta daɗe ba ta tsaya ba. Wata kwalba ta gangara ta faɗo, ta yi ta mirginawa har gaban layin farko, babu wanda ya motsa.

"Bishiya ganye take zubarwa," in ji Iya. "Wannan mu muka zubar. Wanda ya san akwai nasa a ciki, ɗakin tsintsiya a buɗe yake. Ba na tambayar suna."

Kuma sun zo. Ɗaya-ɗaya, a ɓoye, wani ya fake da aron tsintsiya, wata da neman ɗan kunnen da bai ɓata ba.

Barewa ba ta yi tsere ba. Ita ta riƙe zaren ƙarshe, wata ta zo ta tsinka shi da ƙirjinta, Barewa ta yi mata tafi hawaye na zuba. Har yanzu akwai ranakun da jikinta yake tayar mata, ta kwanta a ɗakin nas tana cizon filo. Amma tana aji, za ta zauna jarrabawa, kuma wasu safiyoyin ita take riƙe wa Iya kular abinci zuwa gada.

Iya, ke ce mai tafiya da baya don wasu su ci gaba. Ke ce kika rasa naki, ba ki ce to na kowa ma ya tafi ba. Ke ce kika shiga rigar abin tsoro, kika tsaya kamar itace har kafaɗa ta mutu, don 'yar wani ta tura hannu neman guba ta taɓo zuciyar uwa. Shekara da shekaru kina goge sawunki da kanki, har muka kusa mantawa kin bi ta nan. Mun gode, Iya. Allah ya saka miki, ya huta gajiyarki, ya sa wata safiya ki ce "Ka tashi lafiya, Babana?" ki ji an amsa.

Mu kuma da aka bari, malamai da iyaye da masu gadi da masu sayar da alawa a bakin ƙofa, kakar baɗi ganye zai sake zuba, kuma Iya ba za ta kasance a nan ta tsuguna ba. Kada mu cinna wa tari wuta ba mu duba ba. Lungun da aka ce kada a je, mu je. Yaron da ya daina tsokanarmu, mu tambaye shi lafiya. In mun kama hannu a ciki, mu riƙe shi, kada mu yar.

Baƙar kwat ɗin tana nan a bakin katanga. Yara sun wanke ta, kowane aji ya kawo damƙin ciyawa, Iya ta ɗinke, har ta yi wa fuskar baki. Wanda ba na kowa ba ya zama na kowa, hankaki ma sun fara sauka a kafaɗarsa. Sai dai makon nan an wayi gari ya juya. Ba katanga yake kallo ba, ba azuzuwa ba. Babbar ƙofa yake kallo, hanyar da Iya za ta bi ta fita ranar ƙarshe. Maigadi ya rantse ba shi ba ne. Barewa ta ce ba ita ba ce. Iya ta je da kanta ta duba yashin da ta share jiya, ta dawo tana murmushi, ta ƙi gaya wa kowa abin da ƙasa ta ce.